Baba Akamfani da Gadon Matarsa

Turancin Baba Akamfani kalma ɗaya ce tak, amma ta ciyar da shi shekara talatin da biyu. Ranar da ya kama aiki a asibiti, babbar nas ta nuna masa wani mara lafiya a kan gado mai taya, ta ce, "Akamfani shi zuwa tiyata." Ya tambayi mai shara, aka ce masa ai rakiya ake nufi. Sunan ya manne masa, har jikokinsa ba su san na yanka ba.

Abokan aikinsa tura gado suke kamar baron siminti. Shi kuwa sannu yake bin doguwar barandar nan, ya sunkuyo yana raɗa: "Lumshe ido, ɗan'uwa, kwalekwale muka hau, ruwa ya kwanta. Fitilun can na sama? Farin wata ne, asibiti ta saro goma sha huɗu." Sai mutum ya isa ƙofar tiyata ya manta wuƙa ce ke jiransa.

Wata biyu da yin ritayarsa aka kwantar da matarsa, za a cire mata tsakuwa a ciki. Doka kuwa ta hana dangi bin gado. Da aka zo ɗaukarta da hantsi, ta damƙe ƙarfen taga.

"Shekara talatin yana raka matan mutane, ni ko kasuwa bai taɓa raka ni ba. In ba shi zai tura ba, a bar min tsakuwata."

"Mama, Baba ya ajiye aiki," in ji nas ɗin ɗakin. "Yanzu dangi ne."

"Dangin wa? Mijina ne, 'yar nan!"

Nas ta dubi tsohon, ya tsaya rungume da fulas kamar baƙo. Ta yi ajiyar zuciya. "Zan je neman fayil. Ni in ina neman fayil ba na gani."

Ya kama gadon. Bakin da bai taɓa mutuwa ba yau ya ƙi buɗuwa. Tayoyi na kuka ƙasa-ƙasa, hasken tagogi na wucewa ta fuskarta ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sauka sai ya ga ya kwashe mata shekaru, har ta koma yarinyar da ya fara gani tana shanya a bayan gidansu.

Suka iso ƙofar tiyata. Ta buɗe ido.

"Malam, har mun zo? Ka cika sauri. Mayar da ni a sake."

Ya leƙa ta gilashi, likita bai gama wanke hannu ba. Ya juya gadon.