Yatsun da na'ura ta ƙi

Ku ajiye mataji, 'yan mata, ku rage ƙarar rediyon nan. Ku matso kusa ku ara mini kunnuwanku, zan mayar muku da su in na gama.

Ban taɓa mantawa da ranar da na'ura ta ƙi karɓar yatsuna a Abuja ba. Da damina ne, shekarar da Rifkatu za ta fita rangadin duniya karo na farko ita kaɗai.

Ku kun san ta a talabijin, ni kuwa na san ƙeyarta. Lokacin da na fara aiki da su, su uku ne suke waƙa tare: Hadiza, Ladi da ita. Ita ce ƙaramarsu, 'yar wani malamin makaranta a Kurmin Mashi, mutanen kudancin Kaduna, a cikin mawaƙan coci ta koyi sarrafa murya. Ni a lokacin daga Katabu nake shigowa garin Kaduna kullum, ni ce mai yi musu kitso da ɗaurin ɗankwali.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, don wanda ke zaune a kujera ba ya ganinsa. A sama akwai manaja, shi ke magana da masu ɗakin taro. Ƙarƙashinsa akwai mai kula da dandamali, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya fita. Sai makaɗa, sai masu fitila da lasifika. Can ƙarshe sai mu masu kaya, a bayan labule. Mawaƙiya ba ta gama wasa da kaya ɗaya. Tana tsakiyar wasa za ta faɗo bayan labule da gumi, a zare wannan riga a zura wata, ta sunkuyo da kai in naɗa mata ɗankwali, in soke allura, in dafa kafaɗarta in ce, "Je ki." Da suna su uku abin da sauƙi, ɗaya ta shigo biyu su riƙe jama'a. Da Hadiza ta yi aure ta bari, Ladi ta koma waƙar coci, sai ya zama idan Rifkatu ta shigo, kiɗa kaɗai ke riƙe mutane. Kiɗan da babu murya kuwa ba ya riƙe su da daɗewa.

To, aka shirya tafiya. Za a fara daga Turai, a tsallaka Amurka, a biyo ta ƙasashen Larabawa, a dawo ta Gana. Manajanta Yakubu ya sa sunana a cikin masu tafiya. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, na ɗinka atamfa sabuwa, duk Katabu babu wanda bai ji ba.

Kowace ƙasa da izinin shigarta, shi ne biza. Kafin a ba ka sai ka je da kanka, a ɗauki hotonka, ka ɗora yatsu a kan wani gilashi mai koren haske ya karanta zanen da Allah ya yi maka. Kowa ya ɗora ya wuce. Da na ɗora nawa, hasken ya yi ja. Yarinyar da ke wurin ta ce in goge hannu, na goge. Ta ba ni mai na shafa. Ta ce in hura musu iska, na hura. Ta kama hannuna ta juya shi tana dubawa.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Kitso, 'yata, da ɗauri. Kafin nan wankau."

"Zanen ya shafe, Mama. Babu abin da zai karanta."

Ba ta wulaƙanta ni ba, Allah ya sani. Ta ce sai na kawo shaidar likita a sake ba ni wata rana. Ranar da aka samu kuwa ta faɗo bayan tashin jirgi, kuma sauran ƙasashen ma kowace sai ta nemi yatsun nan. A hanyar dawowa Kaduna ina ta kallon hannuna a cinya. Aikin da ya sa aka ce in zo, shi ne ya cinye abin da za a shigar da ni da shi.

Yakubu ya ce Zainab za ta tafi a madadina. Zainab ɗalibata ce, na koya mata tun tana jin tsoron allura, kuma ɗaurinta ba ya da abin kushewa. Muka fara gwaji. Zainab ta ɗaura, Rifkatu ta ce ya matse. Ta sassauta, ta ce zai faɗi. Ta sake, ta ce kanta na ciwo. Rannan a gaban makaɗa ta warware ɗankwalin ta ajiye, ta ce wa Yakubu a ɗaga tafiyar har sai Iya, wato ni, ta samu biza.

Ɗaga tafiya irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. An kama ɗakunan taro, mutane sun sayi tikiti, makaɗa sun bar wasu ayyuka. Kuma wanda ya fasa fitarsa ta farko, ba kasafai a sake kiransa ba.

Yakubu ya same ni a wurin guga.

"Iya, taimako za ki yi. Ki ce mata za ki biyo mu bayan sati ɗaya. In ta hau jirgi ta yi wasan farko, shi ke nan, za ta saba."

"Zan biyo ku ɗin?"

Ya kawar da kai yana sosa gemu.

"Yakubu, yarinyar nan ba ta ganin abin da nake yi a kanta. Sunkuyawa take yi ta yarda. In na yi mata ƙarya sau ɗaya, wa za ta sake sunkuya wa?"

"To ya za mu yi?"

"Akwai wasan ban kwana da za ta yi a nan Kaduna kafin ku tashi. Ka ba ni kujera a gaba."

Ya dube ni kamar na roƙi motarsa.

Washegari da hantsi na tafi Kurmin Mashi gidan iyayenta. Uwarta ta kawo mini kunu ta ba mu wuri. Rifkatu na zaune a ƙasa da tsohuwar riga, ba za ka ce ita ce ake liƙa hotonta a bango ba.

"Iya, in faɗa kika zo yi, Yakubu ya riga ki."

"Ɗaurin Zainab na zo tambaya. Me ya yi miki?"

"Babu abin da ya yi."

"Na sani."

Ta daɗe tana murza bakin tabarma, sannan ta ce, "Da in na fito ina waƙa, in na waiga dama Hadiza, in na waiga hagu Ladi. Yanzu in na waiga fitila kawai nake gani. Abin da ke riƙe ni shi ne na san nan da waƙa uku zan shigo in same ki. A can kuma in shigo in samu wa? Mutanen ma ba su jin Hausa, Iya."

Ban ce mata kada ta ji tsoro ba, don ni ma da ni ce zan ji. Na ciro ɗankwali daga jakata na ce ta juyo. Na ɗora hannayenta a kanta, na ɗora nawa a kan nata. Nan za ki kama, nan za ki ja, nan za ki karya, nan allura. Ta yi, ya zame. Ta sake, ya zama kamar gammo. Uwarta ta leƙo ta ce, "Wannan ai tallan gyaɗa za ki." Muka yi dariya har ita. Haka muka yi ta yi kullum har ranar wasa ta matso, sannan na faɗa mata gaskiya.

"Ranar Asabar ba za ki same ni a baya ba. Zainab za ta miƙa miki kaya, amma na hana ta taɓa kanki. Ni ina gaba."

"In ya faɗi fa?"

"Ki ɗauka ki ci gaba da waƙarki."



Ranar Asabar bayan la'asar aka fara. Ɗakin ya cika, mutanen Malali da Kawo da na ƙetaren kogi duk sun zo sallama. Ɗaurin farko ni na yi mata tun a gida. Na zauna a kujerar da Yakubu ya ba ni da sabuwar atamfata, tunda ba ta samu zuwa Turai ba. Shekarun nan duka ban taɓa ganin yarinyar nan daga gaba ba. Ashe in tana waƙa takan lumshe ido ɗaya. Ashe haka fitila ke sauka a kan kitson da na yi.

Ta yi waƙa uku ta shige bayan labule. Makaɗa suka riƙe. Na san tsawon kiɗan nan kamar yadda na san numfashina, don a cikinsa nake aiki. Ya kai inda nakan soke allura. Ya kai inda nakan ce je ki. Ba ta fito ba. Mai ganga ya waiga, ya sake ɗauko kiɗan daga farko. Mutane suka fara surutu, wani a bayana ya ce ko wuta ce ta ɗauke a ciki. Na hango Yakubu a gefen dandamali yana nemana da ido, yana yi mini alama da hannu in zo.

Tsakanina da labulen nan babu nisa. Ƙafafuna har sun ja baya za su tashi. Na san in na shiga, kafin ƙiftawar ido na gama, wasa ya yi kyau, kowa ya tafi gida da murna, jirgi kuma ya tashi babu ita. Na kama hannun kujera da hannu biyu na kawar da kai daga Yakubu. A duk shekarun aikina ban yi abin da ya kai zaman nan wuya ba.

Kiɗa ya zagayo karo na uku, sai ga ta. Ɗaurin ya karkace hagu, jelarsa ɗaya ta sauko har kunne, allura ta fito tana ƙyalli. Da ɗalibata ce ta yi shi da na sa ta warware. Ta tsaya tana haki, ta bi layin gaba da ido har ta same ni. Na ɗaga haɓa kaɗan. Ta kama makirfo ta buɗe murya, kuma har aka tashi ɗankwalin bai faɗi ba.

Daga baya Zainab ta ce mini a ciki Rifkatu ta tsaya riƙe da ƙyallen tana kallon ƙofa. Da ta ga ƙofa ba ta motsa ba, ta ce, "Tsohuwar nan da gaske take," sannan ta ɗaga hannu ta fara ɗaurawa da kanta.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Mu masu aikin bayan labule muna jin daɗi in an ce ba a iya yi sai da mu, kuma daɗin nan gaskiya ne, ba zan ƙaryata shi ba. Amma wanda kike yi wa aiki yana da inda za shi da ke ba za ki ba. In kin ga ranar ta zo, ki san cewa janye hannu ma yana cikin sana'a.

Jirgi ya tashi da su a ranar da aka sa. Yakubu har yau shi ne manajanta, gemun ya yi fari, in mun haɗu yakan ce na kusa kashe shi. Zainab ta zagaya duniya ta dawo ta buɗe shagonta, ɗalibanta sun fi nawa yawa. Rifkatu ta gama rangadin, ta sake yin wani, kuma ita ke ɗaura wa kanta har gobe, a karkace, don ba ta taɓa iya miƙar da shi ba. Ni ban koma Abuja ba, na kama shagon nan na Malali na zauna. 'Yan matan da suka ga hotunanta sukan shigo su ce in yi musu irin nata, in karkata hagu, in saki jela har kunne. Ina yi musu. Sai dai sau da yawa sukan duba madubi su ce, "Iya, naki ya cika kyau, ba haka nata yake ba."