Ganyen Shayin da Na Kai wa Kawu

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina, a cikin wata a-kori-kura da ta girme ni. Kwalta ta yi mana kirki har kwanar Bakura, daga nan kuwa kowa ya riƙe ƙarfe yana salati.

A Bakura na tarar da mahaifiyata tana jirana da aike. Yayanta, Kawu, yana cikin waɗanda ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye wa gari da gona, aka kwashe su aka zube a wani tudu kusa da Maradun. Matarsa ta rasu, ɗakinsa ya tsage, ga damina ta ƙarato. Inna so take in ɗauko shi ya dawo gidanta.

"Kada ka yi mai maganar sai ya sha shayi," in ji ta. "In shayi ya yi mai daɗi, ko rigar wuyanai ka roƙa shina ba ka."

Washegari Talata, muka faɗa kasuwar Mafara neman ganye. Tun da aikin dam ya kawo baƙi, komai ya yi tashin gwauron zabo, har ƙosai ya ƙanƙance. Mai ganyen ya buɗe mana gwangwani uku: akwai garin ganye, wanda launi kawai yake bayarwa, akwai na tsaunin Mambila mai sauƙin ɗaci, sai baƙi murɗaɗɗe wanda alhazai ke kawowa, ko da yake ya ce a ƙasar Indiya ake noma shi. Na murza na alhazan a tafin hannu, na hura masa numfashi, ƙamshi ya taso kamar na ƙasar da ta sha ruwan farko. Shi na saya, aljihuna yana kuka.

Hanyar Maradun ta kashe mini jiki. Magudanan siminti dama da hagu, gonaki an baje su fayau, babu ko bishiyar da mutum zai raɓa. Unguwar su Kawu kuwa tsakuwa ce zalla, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta kwanta.

Bayan doguwar gaisuwa na miƙa masa ƙunshin. Ya shinshina, ya lumshe ido.

"Wanga ganye na ƙwarai ne, ɗana. Amma ka yi hasara."

Sai a lokacin na hango butarsa a rataye, gizo-gizo ya yi mata yana. Ashe tun da aka tashe su bai dafa shayi ba. Duk rayuwarsa da ruwan rijiyar bakin masallacin garinsu yake dafawa, ruwan da tanka ke kawo musu kuwa ya ce warin ƙarfe yake yi, yana kashe ganye. Na nace, don ban da shayin ba ni da wata ƙofa. Sai ya ce in nemo kwalekwale.

Wani masunci ya tuƙa mu cikin dam. Ruwa iya ganin ido, sai kawunan busassun giginyu nan da can. Kawu ya yi ta auna su da ido har muka zo gab da wata karkatacciya, ya ce a tsaya. Nan ne rijiyar, in ji shi, a ƙarƙashinmu. Ya zura guga ya ɗebo. Abokina, sarkin surutu, ya kau da kai yana share ido.

A bakin ruwa Kawu ya hura gawayi. Da ruwan ya tafasa ya sauke butar, ya zuba ganye, ya rufe da tsumma, ya ja tasbihi har ganyen ya kwanta. Ni dai ban taɓa shan irinsa ba, ɗaci kaɗan a harshe, garɗi a maƙogwaro. Shi kuwa ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar, ya zubar da sauran ya kife kofin. A danginmu kowa ya san in Kawu ya kife kofi magana ta mutu. Duk da haka na faɗi saƙon Inna.

"Ka ga giginyag ga? Ta kusa hwaɗuwa," ya ce. "In nit tahi Bakura, wa za ya nuna ma ɗiyanmu inda garin yake? Ko masuncin ga bai sani ba."

Na bar masa ganyen, na san ba zai taɓa shi ba, muka kamo hanya zuciyata a dagule. Tafiyar nan ta koya mini cewa za ka iya saya wa mutum ganye mafi tsada a kasuwa, amma ruwan garinsu ba ya sayuwa.

Muka iso Bakura da la'asar. Inna ta share ɗakin kusa da nata, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta dube ni, ta dubi bayana. Ta shiga ta naɗe tabarmar.