Rigar da Aka Kawo Gyara

Ni dai tun farko ban yarda da mushen nan ba. Mushe muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko. Shi wannan malami ne da aka turo mana Belbeji daga Damagaram, siriri mai yawan murmushi, irin mutanen da za su tambaye ka lafiyar gida sau uku idonsu na kan abin da ke bayanka. Shi ya tara mu, 'yan wasan kwaikwayon garin, ya ce zamanin wasan kwaikwayo na ban dariya kawai ya wuce. A manyan garuruwa, in ji shi, yanzu 'yan wasa gaskiya suke gaya wa jama'a ido da ido. Ni tela ne, da kekena ɗaya a bakin kasuwa. Abin da ya kai ni cikinsu murya ce, don Allah ya ba ni ita kamar ta mai shela.

A shekarar damina ta yi gardama, hatsi ya yi wuya, kowa na zargin kowa da ɓoyewa. Sai mushe ya rubuta wasa a kan wani ɗan kasuwa da ya kulle mangaza cike da gero yana jiran yunwa ta tsananta. Ya ce ni zan fito a ɗan kasuwar. Na ce don me sai ni? Ya ce tumbina ne ya dace.

Ba mu da kayan wasa, abin da ya samu shi ake sawa. Ranar wasan, wadda ta faɗo ranar kasuwa, ya zo shagona da hantsi neman rigar da zan fito da ita. Riguna na rataye birjik, ya wuce su duka, ya ɗora hannu a kan wata babbar riga shuɗiya mai aikin zare ruwan ƙasa a wuya. Ta aminin mahaifina ce, dattijon da ke sayar da hatsi a kasuwar tun ba a haife ni ba. Shi ya kai ni koyon ɗinki bayan rasuwar mahaifina, kuma Baba nake ce masa. Aljihu ne ya yage, ya kawo gyara.

Na ce, "Wannan ta Baba ce fa."

Ya ce, "To sai me? Ɗan lokaci ne, ka wanke ka mayar. Wa zai lura da riga?"

A Belbeji ake tambayar wa zai lura da riga! Garin da ake gane mutum daga nesa ta rigarsa tun fuskarsa ba ta fito ba. Na san haka sarai. Amma na gwada ta, ta zauna mini, ni kuma ina son a tafa mini.

Bayan la'asar fili ya cika, ga manoma, ga Fulani da Buzaye da suka kawo dabbobi kasuwa. Ina fitowa wurin ya yi tsit. Can sai wata tsohuwa ta ambaci sunan Baba da ƙarfi, fili ya ɓarke da shewa. Maimakon in ja da baya, sai kaina ya kumbura. Na kori mai fitowa a matar talaka da ƙwaryarta, na daka mata tsawar da ba ta cikin rubutun ma. Ban taɓa samun tafi irin na ranar ba.

Washegari ba mai tsayawa wurin Baba. Mata suka riƙa cewa ai ɗan gida ne ya tona, wa ya fi shi sanin ciki? Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, har ni na fara wucewa ta gaban mangazarsa ina kallon kwaɗon ƙofar, ina tambayar kaina ko dai da wani abu a ciki. Mutumin da na ci tuwon gidansa shekara da shekaru!

Daga baya na ji cewa mushe ya taɓa cacar baki da Baba a kan awo. Na tare shi na tambaye shi ko da gangan ya zaɓi rigar. Ya yi murmushin nan nasa, ya ce wasa bai ambaci sunan kowa ba, jama'a ce ta ga abin da ta gani. Har aka sauya masa wurin aiki zuwa Tanut ban samu wata amsa ba, kuma har yau ban yarda da shi ba.

Kwana huɗu bayan wasan Baba bai leƙo ni ba, ni kuma na kasa zuwa. Na gyara aljihun, na wanke rigar, na goge, na ninke. Ran na biyar ya yi sallama, ya zauna a kan benci. Na durƙusa na miƙa masa. Ya duba aljihun ya ce ɗinki ya yi kyau.

Na ce, "Baba, wallahi mushe ne ya..."

Ya ɗaga hannu. "Bar mushe, shi baƙo ne. Abu guda zan tambaye ka, ɗana. Da ka sa ta, ka san tawa ce?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Na sani, Baba."

Ya jima yana kallon rigar, sannan ya ajiye ta a kan kekena, ya miƙe.

"To riƙe ta. Ni ba ni da inda zan sa ta a garin nan."