Kura Mai Ɗaurarren Wuya

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa ƙaunar mahaifina ba, ba ta kuma ɓoye ba. Sai dai surukuta ta hana ta yi masa magana ido da ido, don haka duk abin da ke cinta sai ta zuba shi cikin tatsuniya. Da an idar da magariba a gidanmu na Yelwa, mukan kewaye wutar da take ƙyafe kifi, Baba kuwa yana bayan danga yana cin tuwo.

Shekarun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ne Baba ya sayi babur na dakon kifi. Har cikin ruwa yakan tura shi ya wanke kamar jaki. Ba a jima ba wuyan babur ɗin ya fara ƙwas-ƙwas. Bakanike ya ce boris ɗin wuya ne, wato ƙwayoyin ƙarfen da ke sa shi juyawa, ya ci tsatsa, sai an sake. Baba ya ƙi, ya sa guduma ya ƙara ɗaure notin. Kuma a kan wannan babur ɗin zai kai Inna, mahaifiyata, biki garin Wara, ita da ta rage wa Iya cikin 'ya'yanta duka.

Ana gobe tafiya Iya ta ɗaga murya: "Ga ta nan, ga wanda tad dace da shi!"

Wai kura ce wuyanta ya riƙa rawa, ta je wurin maƙeri. Ya ce tsakuwoyin ciki sun lalace, sai an buɗe an sa sabbi da man kaɗanya. Kura ta ce ita ba ta da wannan lokacin, ya ɗaure kawai. Ya ɗaure. Ta goya 'yar mutane ta sheƙa, da hanya ta karkata a bakin gulbi wuya ya ƙi juyawa.

"Kura dai ta iya ruwa," in ji Iya, tana kallon danga. "Ɗiyar mutane ce ba ta hito ba. Ƙurunƙus bisa kan mai taurin kai."

Babu wanda ya yi dariya. Na ji haushinta ƙwarai, don ina son ubana.

Da safe Baba ya tura babur wurin bakanike, aka kwance wuyan, aka sa sabon boris da giris. Tsofaffin ƙwayoyin, jajaye da tsatsa, wasu a fashe, Baba ya zuba su a murfin kwano ya aika wa Iya. Ta dube su ta yi tsaki.

"A ce mishi na gani. Ɗiyata dai kwalekwale za ta shiga."

Kwalekwalen kuwa Inna ta shiga, Baba ya tafi shi kaɗai.

Na daɗe ina ɗaukar wannan mugunta ce zalla, kuma har yau ban wanke Iya duka ba. Amma ranar da mijin 'yata ya zo ɗaukarta a babur, ban amsa gaisuwarsa ba sai da na kama kan babur ɗin na jijjiga.