Kujeru Huɗu a Bakin Tafki

Shekarun baya, lokacin da na bar lakwal, wato makarantar boko, ban samu abin yi ba, na zama mutumin da bai iya zama wuri ɗaya. In na zauna a ƙofar gida sai in ji kamar ana jirana a tasha, in na je tasha kuma sai in rasa abin da ya kai ni. Mahaifiyata har cewa take yi ko tabarma ta gaji da ni.

Ana haka wani abokina da ke aiki a Yamai ya kira ni. Ya ce kamfaninsu na kai baƙi yawon kallon tsuntsaye, kuma wasu anasara huɗu za su zo tafkin Madarumfa da sanyin nan. Suna neman ɗan gari mai jin Faransanci da zai yi musu jagora.

"In suka ji daɗi, duk shekara kai ne," in ji shi. "Amma akwai wata tsohuwa cikinsu, gauraka take son gani. Ka nemo mata."

Na ce an gama. Ni da rabona da ganin gauraka tun ina ɗan ƙarami.

Sati uku na yi ina zagaya tafkin da asuba, ƙafa duk taɓo, mutane na tambayar ko wani abu na jefar. Daga ƙarshe na same su. A wani lungu bayan lambuna, inda kacala ta yi duhu ta fi mutum tsawo, gauraka biyu kan sauka kullum kafin rana ta fito. Na laɓe ina kallonsu, zuciyata na bugawa kamar an kira sunana a sakamakon jarrabawa.

Lungun kusa yake da inda kawuna ke ɗaure jirginsa. Yayan mahaifiyata ne, masunci, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Don murna na je na gaya masa nan zan kawo baƙi. Ya dubi kacalar, ya dubi taɓon, ya dube ni.

"Nan? Mutane su taso tun daga ƙasassu, ka kawo su cikin wagga ƙazanta?"

Na ce ai haka suke so. Ya ce to. Ban tsaya na yi masa bayani ba, don lokacin ba na gama zance da kowa, kullum ƙafata ɗaya na waje. Na wuce Maraɗi taryen baƙi, na yi kwana biyu a can.

Ranar da aka sa, muka iso da jijjifi. A mota sai cika baki nake yi, ina ce wa tsohuwar ta shirya madubin hangenta. Muka sauka, na ce kowa ya yi shiru, muka bi ta tsakanin lambuna a hankali. Tun kafin mu isa na ji warin hayaƙi.

Babu kacala. Ko ɗaya. Ashe kawuna gayya ya kira. Samarin unguwa sun yini biyu da adda da lauje, sun sare ta tas, sun ƙone, sun zuba yashi a kan taɓon, an share wurin fes kamar filin idi. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru huɗu da aka aro daga lakwal, ga shayi a kan wuta. Dattawa na tsaye, kawuna a gabansu cikin babbar rigarsa ta sallah, yana murmushi. Ko balbela babu a wurin, balle gauraka.

Ban san lokacin da na isa gabansa ba.

"Kawu, wa yas sa ka? Wa yat tambaye ka? Kun kashe ni da jahilci!"

A gaban abokansa na faɗa, da samarin da hannunsu bai gama warkewa daga adda ba. Murmushin ya sauka daga fuskar kawuna a hankali.

Tsohuwar ta matso ta tambaye ni da Faransanci me ake yi a nan, kujerun na waye. Kunya ta rufe ni, sai na ce bikin suna za a yi, ban san da shi ba. Ta ce ayya, to kada mu dame su.

Kawuna ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba: "Wane tsuntsu suka biɗa?"

"Gauraka."

Ya tuɓe rigar, ya ninke ta, ya miƙa wa wani dattijo. Ya kwance babban jirgi ya ɗauki gora.

"Ka ce su shiga. In an tashe su nan, na san inda suka zuwa."

Muka shiga. Ni dai ba na iya zama, ina ta juye-juye ina duba agogo, har jirgin na tangaɗi. Sau ɗaya ya ce mini in zauna, kuma muryar da ya faɗa da ita ta sa na zauna. Ya bi da mu ta cikin bado, gorarsa ba ta ko motsa ruwa. Yana nuni da haɓa, ni ina fassarawa: ga zalɓe can, ga kirinjijiya, waccan ƙaramar mai taka ganye ita ce takabado. Ya san wadda ke kwana a nan da wadda sanyi ke kawowa. Sati uku na yi ina wahala a kan abin da ya sani tun kafin a haife ni, kuma ko sau ɗaya ban tambaye shi ba.

A can ƙetare, bayan wasu bishiyoyi da ruwa ya ci, ya tsayar da jirgin. Ga su nan su biyu, da tukkunsu, suna kiwo hankali kwance. Tsohuwar ta ɗaga madubin, ta sauke, ta goge ido, ta sake ɗagawa. Ta ce in yi masa godiya. Na yi. Ya gyaɗa mata kai.

Da muka dawo rana ta ɗaga. Dattawan na nan zaune a kan tabarmi, sun bar kujerun. Baƙin suka ɗaga musu hannu daga nesa, suka zagaye don kada su ɓata wa masu suna taro, suka shiga mota.

Aikin dai na samu. Sanyi biyu na yi ina jagora, kawuna na tuƙa jirgi, kafin hanya ta yi wuya baƙi su daina zuwa. Yanzu a Ɗan Issa nake, ina cika wa direbobi takardu.

A daren ranar da na zagi kawuna ma, mahaifiyata ba ta bar ni na ci tuwo ba sai da na je na durƙusa masa. Ya ce ya wuce, yaro ne. Har na miƙe sai ya kira ni.

"To mi sunka ce da wurin? Sun ga an gyara?"

Na ce sun gani, sun ce ya yi kyau ƙwarai. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Madalla."

Kacalar ta sake tsirowa, kuma har ya rasu bai yarda kowa ya sa mata adda ba. Mutane kan ce labarin nan abin dariya ne, ni ma nakan yi dariyar in ina ba da shi. Amma na koyi tsayawa in gama zance da mutum, kuma na daina kiran abin da ban gane ba jahilci.

Duk da haka, in na je gida ba na iya daɗewa a lungun nan. Zagin ya yafe mini, na ji da kunnena. Abin da ke tayar da ni tsaye shi ne ƙaryar. Da na faɗa wa tsohuwar nan gaskiya ko da kalma biyu ne, na san da ta zauna ta sha shayinsa. Mutum ya yini biyu yana sara don baƙina, ya sa rigarsa ta sallah, ya jera musu kujeru huɗu, kuma saboda ni ba wanda ya zauna a kai.