Ranar da Na Yi Fatan Mota Ta Lalace

Jiya wata mota ta wuce ni tana fizga kamar mai shaƙuwa, sai na tsaya cak a bakin titi da kayan miya a hannu. Ku za ku ce ai mota ce kawai. Ni Babana na tuna.

Direban gwamnati ne. Da aka taso da ofisoshi daga Legas zuwa Abuja, aka taso da shi, da mu, da tukwanen Inna. Aka ba mu ɗaki biyu a bayan gidan ogansa a Maitama, lokacin unguwar rabi gine-gine ce, rabi jar ƙasa da kunyoyin doya. Ɗakunan na aiki ne. Ranar da makullin mota ya bar hannun Baba, ranar za mu naɗe tabarma. Ko ni da nake firamare na san haka.

Da damina ta faɗi, motar ta fara wannan fizga. Sabuwa ce, irin wadda ba ta da kabireto. Oga ya yi magana, ya sake yi, daga baya ya ce ko a gyara ko ya nemi wani direban. Wata Asabar Baba ya ɗauke ni muka tafi Utako wajen amininsa bakanike, wanda muke ce wa Kawu. Sarkin tsokana ne, kullum sai ya ce na fi tifa shan mai.

Kawu ya ɗaga bonet, ya nuna wani ɗan baƙin abu a jikin totur da ake ce wa sansa, bai fi akwatin ashana ba. Ya ce shi ke gaya wa injin iya yadda direba ya taka. In cikinsa ya cinye, sai ya riƙa yi wa injin ƙarya, mota ta yi ta fizga.

"Sansa ce, Yaya, in sha Allahu. Mu canza ka tafi abinka."

Wallahi ban taɓa roƙon Allah ya lalata wani abu ba sai ran nan.

Ya jona wayoyin mitarsa, ya ce a murɗa makulli amma kada a tayar. Ya kama totur da hannu yana buɗewa a hankali, yana cewa in abin ya cinye, allurar mita za ta faɗi a hanya. Ta hau sumul, ta sauko sumul. Ya ƙwanƙwasa abin, ya girgiza wayoyi, ya sake gwadawa. Lafiya lau.

"Shiga ka taka da kanka," in ji shi.

Baba ya shiga ya taka. Allurar ta tashi, ta kai tsakiya, sai ta kama rawa. Kawu ya zagaya ya leƙa ta taga, ya zuba wa ƙafar Baba ido, ya daɗe bai ɗago ba. Ba ka jin komai sai ragowar ruwan sama da ke ɗiga daga mangwaro a kan rufin mota.

"Zan sa sabuwa mu ce wa oga ita ce," Kawu ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ka lallaɓa ko zuwa kaka."

"Da 'ya'yan mutane a baya?" in ji Baba. "Ni fa nake kai yaran oga makaranta."

Ashe ya daɗe yana jin ƙafar tana masa rawa. Ya zo ne da fatan mita ta ƙaryata shi. Kawu ne ya tuƙa mu gida, Baba na gefe ya ɗora hannuwa a gwiwa, ni kuma ina baya ina kuka, ba wanda ya ce in yi shiru. Ran Litinin Baba ya miƙa makulli.

Kafin sabuwar doya ta fito mun koma ɗaki ɗaya a Dei-Dei, kusa da masu katako. Rawar ta hau har hannu, sai da ta kai Inna ke riƙe masa kofi. Na daɗe ina jin haushinsa, ina ganin ya zaɓi yaran wasu ya bar mu. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa kare kansa ba.

Yanzu kwamfuta ake jonawa, nan take ta faɗi laifin mota, Maitama kuwa ta cika da katangu har ban iya gane gidan. Yaran nan sun girma, suna da nasu direbobin. Ba na jin akwai wanda ya taɓa gaya musu dalilin da ya sa suka fito ran nan da safe suka tarar da wani a kujerar Baba.