Awa Ɗaya Daga Ruwan Jiratawa

Akwai wani sati a cikin wata bazara da na tabbata ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Shekaru sun wuce, amma har yanzu in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

A lokacin mu biyar ne muke kula da wata manhaja da muka rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani a Jiratawa. Aikinta shi ne ta tsara lokacin ban-ruwan kowace gona, ta aika wa manomi saƙo a salularsa, mai buɗe ƙofofin kanal, wato babbar hanyar ruwan, kuma ya bi wannan tsari. Aikin sa kai ne. Ni gyaran ordinata, wato kwamfuta, nake yi a wani shago a Sabon Gari. Akwai abokina da muka fara abin tare, da ɗalibai biyu, sai wata malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri wadda ta koyi rubuta manhaja da kanta. Komai namu a buɗe yake a intanet, kowa na iya karanta shi, kuma duk gyaran da aka shigar yana zama a rubuce da sunan wanda ya yi shi. Ƙa'idarmu ita ce a baje gyara kwana uku, mutum biyu su amince, sannan ya shiga. Sai dai mabuɗin shigarwar yana hannun mu biyu kawai, ni da abokina.

Wata ranar Alhamis da hantsi shugaban ƙungiyar ya kira ni. Ɗaya daga cikin injinan jawo ruwa ya mutu, ruwa ya ragu, layi ba zai zagayo da wuri ba. Ya ce, "Ɗana, ka yi muna wani abu yau ɗin nan." Na buɗe ordinata, na duba, na ga abu mai sauƙi. Kowace gona tana samun awa uku, sai na mai da shi awa biyu ga kowa da kowa. Na ce a raina ai wannan shi ne adalci, me za a tattauna a kai? Kwana uku sun yi yawa. Na shigar da gyaran, na rufe, na koma kan aikin mutane. Ban faɗa wa kowa ba. Yau in na duba, ba gaggawa kaɗai ta ja ni ba. Na ji daɗin cewa ni aka kira.

Kwana biyar bayan nan, malamar nan ta buga mini waya lokacin da yara suka fita hutu, ina jin hayaniyarsu a bayanta. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Malam, kai ka taɓa lokacin ruwa?"

Na ce ni ne, na fara yi mata bayani. Ta katse ni. Ta ce ƙanin mahaifinta yana noma a can ƙarshen kanal, kuma tun da injin ya mutu ruwa na ɗaukar fiye da awa ɗaya kafin ya isa gonakinsu, don sai busasshiyar hanya ta sha tukuna. Awa biyun da na ba su, rabinta a hanya take ƙarewa. Na bakin kanal suna shan nasu cif, na ƙarshe kuwa tumatirinsu ya fara kwanciya. Sannan ta ƙara da cewa: "Ka kuma san gonar surukinka ita ce ta uku daga bakin kanal. Mutane sun fara magana."

Wallahi gonar surukina ba ta zo mini a rai ba ranar da na yi gyaran. Amma wa zai yarda?

Na hau kabu-kabu na tafi wurin abokina a unguwar Zariya. Ya saurare ni, sannan ya rage murya. Ya ce da mabuɗinmu muna iya goge gyaran daga tarihin manhajar, mu ce na'ura ce ta rikice. Manoma ba za su taɓa sani ba, malamar kuwa zai lallashe ta. "In suka san mutum ɗaya na iya juya masu ruwa daga shagonsa, sun bar manhajar nan har abada," in ji shi. Ba zan ɓoye ba, maganar ta shige ni. Har mun buɗe ordinata. Sai saƙon malamar ya shigo dandalinmu na intanet, inda kowa ke gani: ta gano abin da ya jawo matsalar, ta ba wanda ya yi shi zuwa la'asar ya bayyana da kansa, in ba haka ba ita za ta rubuta.

Abokina ya yi tsaki. Ni kuwa na zauna ina kallon sunana a jikin gyaran, da ranar, da lokacin. Na ji haushinta ƙwarai, har na fara rubuta mata baƙar magana na goge. Daga ƙarshe na rubuta gaskiya: ni na yi, ni kaɗai, ban bi ƙa'ida ba. Kafin la'asar mu biyar mun amince da wani sabon gyara da ta kawo, wanda ke fara ƙirga lokaci daga sa'ad da ruwa ya isa gona.

Washegari aka kira taro a Jiratawa, ƙarƙashin rumfar ƙungiya. Na tarar da mutane cike, na ƙarshen kanal sun ware gefe guda. Surukina yana zaune, kansa a ƙasa. Shugaban da ya kira ni bai ce uffan ba game da wayar da ya yi mini. Da na miƙe, wani ya ɗaga murya, "Shi ne wanga? Shi faɗa muna abin da surukinai ya ba shi!" Wuri ya kaure. Na ga wani matashi ya tashi tsaye, aka riƙe masa riga.

Malamar ce ta nemi a yi shiru. Ta ɗaga salularta, ta karanta gyaran nawa layi-layi, tana mai da shi Hausa. Ta nuna masu cewa awa biyu na rubuta wa kowa, babu sunan gonar kowa a ciki. Ta ce, "Ya yi kuskure, kuma ya yi shi a ɓoye. Amma bai zaɓi kowa ba. Duk mai ɗan da ya iya karatu ya sa shi ya duba." Abin da na so in goge jiya, shi kaɗai ne shaidata.

Wani dattijo daga na ƙarshen kanal ya dube ni ya ce, "Ɗana, shekara nawa kake ban-ruwa?" Na ce, "Baba, ban taɓa yi ba." Ya ce, "To da ka tambaye ni, kafin ka sha ruwan kofi ɗaya na faɗa maka." Tumatirinsa bai tashi ba a wannan shekarar, shi da wasu mutum biyu, kuma babu haƙurin da na bayar da ya mayar masu da shi.

Ƙungiyar ba ta bar manhajar ba, amma ta sa sharaɗi: duk gyaran da ya shafi ruwa sai an karanta shi a gaban manoma. Na miƙa mabuɗina ga malamar. Abokina ya yi fushi da yadda abin ya ƙare, ya janye daga aikin, kuma sai da muka yi kusan shekara muna gaisuwa sama-sama.

Abin da na koya shi ne, niyya mai kyau ba ta isa ba in abin ya shafi abincin wasu. Da nake ganin kwana ukun nan ɓata lokaci ne, ashe su ne damar da wanda ya fi ni sani zai ce mini tsaya. Tun daga ranar, duk sa'ad da na ji zuciyata ta ce wannan ba sai na tambayi kowa ba, nan ne nake tashi in je in tambaya.